Baƙo Mai Zazzaɓi a Ɗakin Inna Tani

"…Lahiya lau, sai rana. Gajiya kuwa ba ni tambaya, ga ta nan tana ɗiga daga goshinka."

Inna Tani ce ta faɗi haka, tana zaune bakin ƙofar ɗakinta a Kurawa, ƙafa miƙe, tana tankaɗe garin kuka. Tsakiyar bazara ce, kuma shekara biyu ke nan sama na yi wa mutane rowa. Ruwa ya sauka a yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta share fuska kamar ba ta san kowa ba.

Wanda take amsa wa gaisuwar jikanta ne, Kalilu, magidanci mai 'ya'ya biyu. A bakinta dai har gobe "mai gida" ne in ya zo da goro, "ragon miji" in ya zo hannu sake. Ya kafe babur a inuwar bishiyar bedi, ya kwance wani baƙin akwatin ƙarfe da ya naɗe da tawul, ya rungumo shi kamar mai kai jinjiri asibiti.

"Tsohuwa mai ran ƙarhe, ashe kina nan? Na ɗauka ranag ga ta gasa ki an yi kilishi."

"Kilishi ai sai nama mai kyau. Kai in anka shanya ka, ko ungulu sai ta yi shawara da 'yan'uwanta. Mi kaɗ ɗauko? In kayan toshi na, ka makara da shekara sittin."

"Baƙo nik kawo miki."

"Baƙon bai iya sallama ba?"

"Ba shi da lahiya."

Ta ajiye rariya, ta ƙura wa akwatin ido. Ba ta taɓa ganin sa ba, amma ta san labarinsa, don ba wanda bai sani ba. Bara da bara waccan mutane sun cinye irinsu. Ba ganganci ba ne. In yaro na kukan yunwa, tukunyar iri kuma na ƙarƙashin gado, tukunyar ce ke shan kaye. Shi ya sa bana ƙungiyar manoman Kurawa da Kamarawa da Alkalawa ta ce kowa ya fid da irinsa daga gida, a gauraya a raba sito uku, ɗaya a kowane gari, garin da shukarsa ta ƙone ya ɗiba daga na 'yan'uwa. To amma wa zai yi barci buhunsa na garin wani? Sai wata ƙungiyar agaji ta ba su kyamarori, aka ɗora wa Kalilu aikin, da yake ya yi karatun irin waɗannan na'urori a Sakkwato. Kyamarori su kalli ƙofofin sito, su aika abin da suka gani zuwa akwati guda a ofishin ƙungiya a Sabon Birni, shi kuma ya adana. Mai shakka ya je ya duba, gani ya kori ji. Inna Tani da kanta ta bi gida gida tana yi wa mata tsiya har suka fid da tukwanensu.

"Wanga shi na mai tsaron irin namu? Na zaci ƙato na mai gashin baki. Mi yas same shi?"

"Zahi. Ofishin kwano bisa, siminti ƙasa. Da azahar ta yi sai wurin shi zama tanda. Shi yi ta huci, fanka na kuka, can sai shi ɗauke. Ba shi dawowa sai bayan la'asar."

"Ashe ɗan gidanku na. Kakanka ma in azahar ta yi, ko gobara anka yi sai dai a ɗauke shi da tabarma. Barcin rana gadonku na."

"Inna, maganar ta wuce wasa."

"Da ni da kai akwai abin da yaw wuce wasa?"

"Ran kasuwa Sodangi yaz zo."

Ta ɗan gyara zama. Sodangi shugaban manoman Kamarawa ne, kuma ɗan kawunta ne, taubashinta. Tun suna yara ta san shi da ido kamar na shaho da taurin kai kamar jakin gishiri.

"Yac ce in nuna mishi siton Kurawa, inda buhunansu suke. Nib buɗe mishi. Sahe ga ƙofa a kulle, hantsi ga ƙofa a kulle, azahar baƙi ƙirin, la'asar ga ƙofa. Kwana tara hakanan. Yad dube ni yac ce, 'Ɗan Kurawa, idon nan naka ya iya kunya, ya san lokacin da ya kamata shi runtse.' Ya ba ni zuwa Juma'a. In ban gyara ba, Kamarawa za su kwashe irinsu. In sunka kwashe, Alkalawa ma ba su tsayawa."

Maganar ta sauka mata har ciki. Ta san inda iri ke ƙarewa in ya koma gida wata guda kafin ruwa: a turmi. Amma jika ba a nuna masa tausayi da wuri, lalacewa yake yi. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

"Allah shi ba shi lahiya. To ni mi yah haɗa ni da shi? Boka nike ko unguwarzoma?"

Kalilu ya sosa ƙeya. Ya dubi bedi, ya dubi awaki, ya dubi ko'ina ban da fuskarta.

"Ɗakinki nika so."

"Wane ɗaki?"

"Wanga da kike zaune bakinai."

"Ikon Allah! Ina da ɗaki ban sani ba? Ni dai na san ina da ramin gahiya. Wani mai ilimi yah faɗa mini, gaban mutane, ranar sunan ɗiyatai. Yac ce kabari na da anka manta ba a rufe ba."

"Ƙuruciya ta, Inna."

"Shekara biyu da ta wuce? Lalle ka girma da sauri. Ga ƙuruciyar taka can jingine bayan ɗaki, bandir guda, awaki na shan inuwa."

Gaskiyarta kuwa. Da Kalilu ya fara samun abin hannunsa, kwano ya sayo, ya ce zai rushe mata wannan tsohon rufi ya yi mata na zamani. Ta ce in ya taɓa mata azara guda sai ta kai shi gaban alƙali ya ba ta takardarta. Ɗakin ginin ƙasa ne, katanga kaurin kamu da rabi, rufin azara da ƙasa, marigayi mijinta ya sa magina suka yi tun tana da haƙoranta talatin da biyu. A cikinsa man shanu kan wuni bai narke ba.

"Na zagaya Sabon Birni, na zagaya Kurawa," in ji Kalilu. "Ina da ɗan ma'aunin zahi. Kowa ya koma kwano. Ba ɗakin da yak kai naki sanyi."

"Sake faɗi, kunnen nan nawa na hagu ya tsufa."

"Kin ji ni sarai."

"Na ji iska ta wuce. Tsaya tukuna, ragon miji. Kahin in ba ka ramina, sai na ji ko duniya ta ƙare. Su idanun da kar rataya bakin sito, ba su da hankali nasu? Dole sai sun kawo wa wanga malalaci rahoto?"

"Suna da kati, ɗan mitsitsi awa farcenki."

"Farcena ya hi basirarka faɗi."

"Kwana uku shika riƙewa, sai sabon hoto shi taka tsoho. Kuma ɓarawo in ya zo, ya cire kyamara, ya tahi da shaida cikin aljihu."

"Watau mai gadin da za a iya sa wa aljihu. Madalla. To kowane sito a ba shi akwatinai, kowa shi ji da gawatai."

"Sitocin dut kwano na. Majinyaci guda ya gagare ni, ki ce in yi uku? Kuma sai Sodangi ya hau mota gari gari kahin shi ga abin da anka yi. Da ƙafafun nan nashi?"

"Bar ƙafafun Sodangi, ni kaɗai aka bari in zage su. Ba ka ce mini akwai masu ajiya a can birane ba? Waɗanda ka aika musu ta iska?"

"Akwai. Kamfanoni na, da manyan ɗakuna masu sanyi, injuna jere awa rumbuna. Ka tura musu ta intanet, su ajiye ma, ka duba daga wayarka ko kana Makka."

"To tura musu mana, ka bar ni in mutu cikin ramina da mutunci."

"Da wane sabis? Watan jiya kwana goma sha ɗaya munka yi ko sanda guda babu a waya. Kin manta kina bisa turmi, waya sama, kina neman kiran ɗiyarki Luba?"

"Ban hau turmi ba."

"Da idona nig gani."

"Turmin na yaz zo ƙarƙashina. Kuma dama ban yarda ba. Wani ƙato da ban san uwatai ba shi zauna cikin sanyi, shina kurɓar shayi, shina kallon matan Kurawa na sunkuyo bakin sito? In ya yi dariya wa za shi mare shi? Ajiyar da ba ka iya zuwa ka buga ƙofa, kyauta ta." Ta karkaɗe rariya. "Amma tsaya. In sabis ya ɗauke, ta ina Kamarawa za ta yi magana da ramina?"

Nan Kalilu ya ɗan miƙe wuya, an zo fagensa.

"Ba ruwanmu da kamfanin waya. Kin ga farantin nan bisa dogon ƙarhe bayan sito? Kowane gari na da irinai, suna kallon juna, suna miƙa wa juna hoto. Juyo shi kawai za ni yi, in ja waya zuwa nan. In iska ta karkata faranti, katin cikin kyamara shi riƙe, da an gyara shi amayar wa akwati abin da yat tara."

"Farantai na gulma gari zuwa gari. Da aikinmu na, mu tsofaffi. Kun ƙwace muna sana'a."

"Ba wanda za shi ƙwace miki, ke ta sarauniya."

"Baƙon naka mi shika ci? Ka ga gidan, ba ni da abin ciyar da ƙato."

"Rana shika ci. Sola bisa, batir ƙasa."

"To bana ya faɗo gidan biki. Ita kaɗai munka noma, rumbu ya cika har ya zuba. Shina munshari?"

"Kaɗan. Bai kai rabin naki ba."

"Shina kallo? Ni mace ta mai mutunci, ba ni kwance ɗankwali gaban baƙo."

"Ba shi da ido. Ciki kawai gare shi."

"Jininku na, na faɗa ma. Shigo da shi in gani. Ban ce na ba ka ba, na ce in gani."

Suka shiga. Sanyin ɗakin ya tare su tun daga dokin ƙofa, da ƙamshin ƙasa da na turaren tsinke. Kalilu ya yi ajiyar zuciya bai sani ba, ita kuwa ta ji, ta ajiye a ranta don gaba. Ya fiddo ɗan ma'auninsa ya ɗaga.

"Waje arba'in da shida. Nan talatin da ɗaya."

"Gahiya ta san abin da take yi."

Ya koma ya kwanto ƙaramin batir daga babur, ya ɗora akwatin a kan kujerarta ta tsugune, ya haɗa wayoyi. Wata 'yar fitila koriya ta kama, fanka ta fara wani siririn gurnani kamar mussa ta ƙoshi. A daidai lokacin ladan ya kira azahar.

"Yanzu na lokacin suman," in ji shi.

Suka zuba wa fitilar ido kamar masu jiran haihuwa. Ladan ya gama. Fitila na nan kore shar. Kalilu ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ya ɗauke, ya sake ɗorawa.

"Zazzaɓi ya sauka, Inna!"

"Da tsohuwar zuma aka magani. Kawo bargo in rufe shi kada sanyi shi kama shi."

"Kul! Ko kyalle kada ki ɗora mishi, sai ya sha iska. Kada ki jera mishi kwanoni bisa kai. Kada randa ta matso kusa."

"Ji min miji! Bai ba ni ko sisin cefane ba ya fara kafa doka."

"Ɓeraye fa? Suna cin waya."

"Mussata ta hi ka riƙon aiki. Tun da tas shigo ɗakin ga ba ta taɓa suma da azahar ba."

Ya shiga zagaya ɗakin da ma'auni yana neman inda zai kafa wa akwatin mazauni. Ya gwada bakin ƙofa, ya girgiza kai. Ya gwada gefen randa, ya wuce. Da ya nufi kusurwar da ke bayan gado, inda ta kife wani tsohon kwando a kan buzu, sai Inna Tani ta yi wuf ta ɗaga masa hannu.

"Ba nan ba."

"Nan ya hi ko'ina sanyi. Ashirin da tara."

"Na ce ba nan ba. Akwai kunama."

"Za ni kashe ta."

"Aljanu na kwana nan."

"Su matsa, aikin jama'a na."

"Kalilu!"

Tun da aka haife shi bai ji ta kira sunansa tsirara haka ba sau uku. Ya waiwayo ya dube ta, sai murmushin mugunta ya fara tsiro masa. Ya ɗage kwando, ya janye buzu. Daɓen wurin ya fi sauran haske, kuma zagaye yake kamar faifai. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ƙasa ta amsa masa da muryar abin da ke da ciki.

"La'ilaha illallahu. Inna, aljanun naki cikin tukunya suke kwana?"

"Kaza mai tone-tone ita ka tono wuƙar yanka ta."

"Iri na! Wallahi iri na! Ke da kib bi gida gida! Ke da kic ce wa Kadijatu mai ɓoye iri a ɗaki ɓarauniyar jikokinta ta! Ke da kis sa Nana Hauwa kuka bakin rijiya! Bari in hita in kira mata su zo su ga limaminsu."

"Hita mana. In gaya musu shekararka nawa kana jiƙa mini tabarma."

"Sun sani, kin daɗe da yin shela. Wanga kuwa sabon labari na."

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Inna Tani ta zauna bakin gado, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga haɓa kamar ita ta kama shi.

"Na kai tukunya guda sito da kaina, kowa ya gani. Wagga ƙanwatta ta. Ɗan gajeren gero na, na uwar mijina, kwana saba'in shi nuna. Zauna in ba ka karatun da ba a yi muku ba a Sakkwato."

Ya tsuguna.

"Shekarar babban fari, ina amarya, lalle bai gama hita hannuna ba. Anka yi irin dabararku, anka tara irin unguwa dut cikin rumbun mai unguwa. Rumbu guda, mai kyau, da mai gadi. Saura kwana kaɗan ruwa shi sauka, wata tab bar garwashi, iska tat taso. Kahin a ɗebo ruwa, ina ma ruwan, rumbu ya zama toka. Maza na kuka awa mata. Sai uwar mijina, wadda kowa ka ce wa marowaciya, tas shiga ɗaki da fartanya tat tono tukunya. Da ludayi anka raba. Abin da unguwarmu tas shuka ke nan. Tun ranar ban ƙara yarda da abin da ba shi da ɗan'uwa ba."

Ta nuna akwatin da leɓe.

"Shi wanga ɗan lelen naka, ina ɗan'uwanai?"

Kalilu ya dubi akwatin, ita kuwa ta ci gaba.

"In ya mutu gaba ɗaya fa? In katanga ta faɗa mishi? In na ji haushinka na zuba mishi kunu? Kuma dubi nan, mai ilimi. Kai jikana, ni kakarka. Sito na Kurawa, akwati na ɗakin 'yar Kurawa, mabuɗi na aljihun ɗan Kurawa. Kura ta yi ajiyar nama, ɗan kura na gadi, uwar kura ta ba da ɗaki. Sodangi mahaukaci na da za shi yarda? Ko ni da nika son ka kaɗan-kaɗan ban yarda ba."

Ta dubi Kalilu. Ta ga idonsa ya tafi wani wuri, irin tafiyar da idon kakansa kan yi in yana auna gona.

"Ina da wani ƙarami a shago," ya ce a hankali. "Wanda nig gwada aikin da shi tun farko. In na kai shi Kamarawa, sai in haɗa su. Abin da wanga yar rubuta, wancan shi kwafa nan take. In guda ya faɗi, guda na tsaye. In anka taɓa na nan, na can shi ƙaryata shi. Sodangi shi riƙe lambar sirri tashi, ni ban san ta ba."

"Ka ga? Tagwaye. Shekara nawa kay yi makaranta?"

"Huɗu."

"Ni da fartanya guda anka koya mini."

"Amma a Kamarawa ina za ni samu sanyi?"

"Zauren Sodangi. Ginin ƙasa na tun na kawuna. Rowa ta hana shi sayen kwano, yau ga shi rowa ta yi rana."

Kalilu ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

"Saura kwana taran nan, Inna. Ko na buɗe mishi sito ya ga buhu bai taɓu ba, ya riga ya sa a rai an yi mishi wayo. Kin san shi. Ba shi sake ba ni kunne."

Ta san shi kuwa. Sodangi ba a cin sa da bayani, ko na malamin da ya haddace. Ta dubi zagayen daɓen nan mai haske. Shekara biyu na yunwa ta kwana kusa da shi tana jin cikinta na kuka ba ta taɓa ba. Daren da ta fi jin jiki ma, juya masa baya ta yi.

"Ɗauko fartanya bayan ƙofa."

"Inna?"

"Kurma kaz zama? Tono. A hankali, in ka fasa ta sai na fasa ka."

Ya tona, ya ciro tukunyar, baki liƙe da laka, cikinta da nauyi kamar yaron goye. Ta karɓa ta ɗora a cinya, ta share mata ƙasa da gefen zane, ta daɗe tana sharewa fiye da yadda ƙasar ke bukata. Sannan ta miƙa masa.

"Kai wa wancan mai ƙafar sauro. Ka ce Tani ta ce shi riƙe mata har ruwa shi sauka. Ya san tukunyar, ya san ta wa ta, uwatai ma ta zo daga Kamarawa ta samu ludayi guda ciki. Ni in riƙe idon Kamarawa a ɗakina, shi shi riƙe irin uwar mijina a zaurenai. In buhu guda ya yi ƙafa a Kurawa, shi daka wagga shi dama hura, na yafe."

Kalilu ya riƙe tukunyar, bai motsa ba. Tsiyar duk ta zube daga fuskarsa.

"In ya ga wagga ba shi da ta cewa. Amma ke fa? Kin bar kanki ba ƙanwa, ba ɗan'uwa."

"Wa yac ce ma ƙanwa guda gare ta?"

Ya waiga ya dubi sauran kusurwoyi uku, ɗaya bayan ɗaya.

"Ka taɓa mini wata kusurwa in karya ma hannu," in ji ta.

Babu wata tukunya. Ita ta sani, ƙasar ɗakin ma ta sani. Amma tsohuwar da ta bar jika ya fita da tausayinta a fuska ta gama yawo, gobe sai ya fara yi mata magana a hankali kamar mara lafiya.

Kalilu ya tuntsire da dariya har ya kusa sakin tukunyar.

"Tsohuwar gahiya! Wallahi ƙasar Kurawa dut rami ta a ƙarƙashinki!"

"Gahiyar ta warkar ma da baƙo. Saura haƙƙina. Hita waje, ka fuskanci kwanonka, ka faɗi yadda awaki za su ji."

Ya fita rungume da tukunya, ya tsaya tsakar rana gaban bandir ɗin kwanon, awaki na kallon sa suna tuƙa.

"Jama'a ku shaida! Ɗakin Inna Tani ya hi ofis! Ƙasa ta hi kwano! Ni Kalilu na yi ƙarya, na tuba!"

"Ƙara da cewa matarka ta hi ka hankali."

"Wace daga ciki?"

"Dut biyun."

"Dut biyun sun hi ni hankali!"

Daga bayan katanga wata maƙwabciya ta ce, "Mun daɗe da sani!" Inna Tani ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Kalilu ya laluba aljihu ya fiddo goro fari guda, babba, wanda ashe tun zuwansa yake ɓoye da shi don in ciniki ya ƙi. Ya durƙusa ya miƙa mata. Ta fasa, ta jefa rabi a baki, ta kai rabin ta ajiye gefen akwatin da ke ta gurnaninsa, fitila kore shar, la'asar kuwa ta gabato.

"Na baƙo na. Kada a ce an kwana gidana ba a ga karamci ba."

Ya naɗe tukunyar da tawul ɗin da ya kawo akwatin a ciki, ya ɗaure ta a bayan babur, ya ja igiya sau biyu, ya tayar.

"Mai gida!"

Ya waiwayo.

"Kyamarorin nan, akwai saura?"

"Akwai guda. Mi za ki yi da ita?"

"Ka rataya ta zauren Sodangi, ta kalli tukunyata. Amana amana ta, amma na san shi da son hura."